Layin da Muka Ƙi Ja a Tsakiyar Zaure

Duk wanda aka ba shi aikin tsara zauren baje kolin zane-zane a kan rarrabuwar kawunan siyasa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ya raba zauren gida biyu, ya shafa wa wannan ɓangare launi ɗaya, wancan kuma wani launi dabam, ya ja layi a tsakiya, sannan ya bar mai kallo ya zaɓi inda zai tsaya. Tsari ne mai saurin shiga kai, yana kuma yin kyau a hoto, shi ya sa yake da farin jini a wurin 'yan sana'armu. Ni dai a ganina wannan layin ƙarya ne a Legas, kuma wanda ya ja shi ya riga ya tsunduma cikin rigimar da aka ce ya nuna wa mutane, ko da bai ambaci sunan jam'iyya ko ɗaya ba.

Sana'ata tsara shafuka da fastoci ce. A Shomolu nake aiki, unguwar da injinan ɗab'i ba sa hutawa dare da rana idan kakar zaɓe ta kama, a Agege kuma aka haife ni. Wasu matasa masu zane da masu ɗaukar hoto, cikinsu akwai Yarabawa da Ibo da Hausawa da 'yan wasu ƙabilun, suka haɗa ayyukan da suka yi a kan zaɓen 2023 da irin tabon da ya bari tsakanin maƙwabta, suka nemi in tsara musu wurin da za a nuna su. Zanen nasu ne, ba ni da hannu a ciki. Nawa rabon shi ne abin da ke kewaye da zanen, wato launin bango, da haruffan bayani, da fitilu, da wurin zama, da hanyar da ƙafar mai kallo za ta bi tun daga bakin ƙofa. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin ado, alhali a nan ne ake yi wa wani adalci ko a danne shi ba tare da ya iya nuna inda aka cuce shi ba.

Akwai wuraren da raba ƙofa biyu ya dace. A gidan tarihin mulkin wariyar launin fata da ke Johannesburg, wanda aka buɗe a 2001, tikitin da aka sayar wa mutum ne ke cewa shi fari ne ko ba fari ba, ba tare da an dubi fatarsa ba, sai ya shiga ta ƙofar da tikitin ya ba shi. Wannan ya yi ma'ana a can, domin dokar ƙasar da kanta ta taɓa kafa irin waɗannan allunan a kan ƙofofi da bencina, ke nan ginin gaskiya yake maimaitawa. A Amurka kuma manyan jam'iyyu biyu ne, kuma tun zaɓen shekarar 2000 gidajen talabijin suka tsayar da ja ga Rifablikan, shuɗi ga Dimokurat, har duniya ta saba da ganin siyasa cikin waɗannan launuka biyu. Matasanmu masu tsara zane suna ganin irin wannan a intanet kullum, sai su ɗauko shi su ɗora wa ƙasar da ba a ɗinka shi dominta ba.

Alƙaluman zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu 2023 su kaɗai sun isa hujja. Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 8.79, Atiku Abubakar na PDP miliyan 6.98, Peter Obi na LP miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma kusan miliyan 1.5. Mutum huɗu ke nan, ban da sauran jam'iyyu 14 da ke kan takardar ƙuri'a. Abin da ya fi wannan girma shi ne, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Idan aka raba zaure biyu, ina za a tsayar da waɗanda suka zauna a gida, su da suka fi kowane ɓangare yawa? Kuma ina Bahaushen da ke sayar da tumatir a Mile 12 zai tsaya, wanda mai yiwuwa zuciyarsa tana tare da jar hula a Kano, cinikinsa da zaman lafiyarsa kuma suna hannun masu mulkin Legas?

Tarihinmu ma bai taɓa zama Arewa a hannun dama, Kudu a hannun hagu ba. NEPU da NPC duk 'yan gida ɗaya ne, amma an yi shekaru ba sa ga maciji da juna, har aure ya riƙa mutuwa a kan Sawaba da Salama. PRP ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980, aka samu 'yan santsi da 'yan taɓo a cikin zuri'a ɗaya. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 Moshood Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, mahaifar Tofa. A 2023 kuma Obi ya kayar da Tinubu a Legas, jihar da Tinubun ya mulka shekara takwas. Akwai kuma wani dalili da ya sa na ƙi yarda da layin tsakiya. Dattawanmu suna tune da zaɓukan farkon shekarun 1990, lokacin da ake bin layi a bayan hoton ɗan takara a bainar jama'a, mai gidan haya yana kallon ɗan haya, ubangida yana kallon yaronsa. Zauren da zai ce wa baƙo ya zaɓi ɓangare tun daga ƙofa, wannan layin yake sake kafa masa, kuma baƙon da ke zaman ci-rani a garin wasu shi ne zai fara juyawa ya koma.

Bangon da ke fuskantar mai shigowa shi ne wurin da kowane mai zane yake so, domin a nan ido ke fara sauka. Ban ba kowa ba. Taswirar Nijeriya muka ɗora a wurin, amma ba irin wadda aka yi ta yawo da ita a waya bayan zaɓe ba, wadda ake shafe kowace jiha da launin wanda ya ci ta. Waccan taswirar tana yaudarar ido ta hanya biyu. Tana sa jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, ta cika ido, Legas kuma, wadda ta fi kowace ƙanƙanta amma ta fi kowace yawan masu rajista, ta zama ɗan ɗigo a gefen teku. Sannan tana shafe duk wanda ya zaɓi wani dabam a cikin jihar, kamar babu shi. Mu sai muka ce kowane dangwalen babban yatsa ɗaya ya tsaya a madadin mutum 10,000 masu rajista, abin da ya ba mu dangwale sama da 9,300, aka bi jiha jiha ana dangwalawa da hannu, launukan 'yan takara a gauraye, waɗanda ba su fito ba kuma aka yi nasu da ruwan toka. Da aka gama, kusan kashi uku cikin huɗu na bangon ruwan toka ne. Legas, da yake ba ta da fili a taswira, sai muka bar dangwalenta sama da 700 suka malala cikin teku. A can ne mai kallo zai ƙirga da idonsa ya ga cewa ƙuri'u 582,454 na Obi da 572,606 na Tinubu bambancinsu bai kai dangwale ɗaya ba, kuma dukansu biyun tsiraru ne a cikin tokar da ta kewaye su.

Launi ya ba mu wahala, domin kusan babu launin da ba shi da mai shi. Kore da fari da ja suna tutar PDP, APC ta ƙara shuɗi a kansu, LP tana da ja da kore, ja kuma idan ya hau hula ya zama Kwankwasiyya. Ruwan ɗorawa a Legas na motocin danfo ne. Farin bango tas, irin na manyan ɗakunan nuni na Ikoyi da Victoria Island, shi ma yana da abin da yake faɗa, domin yana gaya wa mai silifas da ƙura a ƙafa cewa wurin ba nasa ba ne. Muka bar bangon da launin siminti kamar yadda muka same shi, allunan katako kuma da launin katakonsu, rubutu duka baƙi. A taswirar kuwa, launuka huɗu muka zaɓa waɗanda ba sa tutar kowace jam'iyya, muka rubuta su a takardu aka jefa ƙuri'a a gaban masu zanen duka, domin kada wani ya ce an ba ɗan takararsa launi marar kyau da gangan.

Doguwar katangar hagu ta alamomin jam'iyyu ce. An ƙirƙiro alamomin nan ne saboda mai zaɓen da bai iya karatun boko ba, kuma a ganina suna cikin zane-zanen da suka fi kowane tasiri a tarihin ƙasar nan, duk da ba a rataye su a gidajen nuni. Fartanyar NPC, tauraron NEPU, zakaran NCNC, itacen kwakwar AG, gida da masarar NPN, mabuɗin PRP, dokin SDP, mikiyar NRC, har zuwa lema da tsintsiya da kwandon kayan marmari da uba da uwa da ɗa. Kowace na sake zana ta da baƙin layi kawai, a cikin da'ira mai faɗin santimita 30, babu wadda ta fi wata ko da kauri na layi. An jera su bisa zamani, a cikin kowane zamani kuma bisa jerin haruffa, kamar yadda hukumar zaɓe take jera jam'iyyu a takardar ƙuri'a. Kawuna, wanda ya yi PRP tun yana saurayi yana fataucin goro a Agege, ya zo kafin a buɗe, ya daɗe tsaye a gaban katangar. Ya ce mini, "Ɗana, mabuɗi da gida da masara ka jera a layi ɗaya, girmansu ɗaya?" Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce a zamaninsu ko a bango ɗaya ba a yarda a liƙa su ba. Kafintan da ke ɗaure allunan, wani Bayarabe matashi, ya matso ya ce, "Baba, wace jam'iyya ce mai mabuɗi?" Kawu ya juya harshe zuwa Yarabanci, ya shiga ba shi labarin Malam Aminu Kano da zaɓen 1979, har aikin ya tsaya. Da an yi mabuɗin ƙarami, ko an tura shi lungu saboda jam'iyyar ba ta da ƙarfi yau, da Kawu bai tsaya ba.

Inda na fi daɗewa shi ne haruffa, domin nan ne sana'ata ta asali. Harsuna biyar muka yi amfani da su: Yarabanci, Hausa, Ibo, Turanci da Turancin buroka da ake yi a kasuwa da tasha. Abin da aka saba gani a allunan hukuma shi ne Turanci a sama da manyan haruffa, harsunan gida kuma a ƙasa ƙanana kamar an tuna da su daga baya. Mu sai muka yi su ginshiƙai biyar a jere, girman harafi ɗaya, nisan layi ɗaya, kuma wanda ya zo farko a wannan bango shi zai koma ƙarshe a bango na gaba. A bakin ƙofa kaɗai muka tsayar da Yarabanci a farko, kuma ni na kawo wannan shawarar, domin mu da muka girma a Agege mun san cewa akwai masu gari, kuma gaishe su da harshensu ba ya rage wa kowa daraja.

Samun salon haruffa ɗaya da zai ɗauki harsunan duka ba ƙaramin aiki ba ne. Yawancin salon da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai na'urar ta aro su daga wani salon, su fito a karkace ko sun fi 'yan uwansu kauri, wani lokaci ma akwati kawai za a gani a gurbinsu. Yarabanci yana da ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa da alamun karin sauti a samansu, Ibo ma yana da nasa ɗigon, saboda haka idan aka matse layuka sai alamar sama ta yi karo da ɗigon layin da ke bisanta. Akwai salon da aka yi da nufin ɗaukar waɗannan duka, kamar Noto na kamfanin Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, kuma kyauta ake samunsu. Andika muka ɗauka, domin an tsara shi ne saboda masu koyon karatu, haruffansa a buɗe suke, ba sa rikita wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba. Ina jin takaici duk lokacin da na ga an kashe maƙudan kuɗi a kan allo, an rubuta Hausa babu lanƙwasa ko ɗaya. Bahaushen da ya karanta irin wannan allo ya san cewa babu wanda ya tambayi ɗan uwansa kafin a buga.

Sai batun ajami, wanda a kansa muka fi jayayya. A ƙasar nan rubutun da kansa ya zama abin faɗa. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka fitar da sabuwar naira 100 babu shi, a 2020 kuma wani lauya ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke nan Legas yana neman a cire shi daga sauran takardun, bisa hujjar cewa alamar addini ce. Wasu daga cikin abokan aikina sun ji tsoron cewa ganinsa a bango zai sa wasu baƙi su ɗauka zauren ya karkata. Na fahimci tsoronsu. Amma akwai dattawa a Zangon Agege da Idi-Araba, da matasa masu turin baro da suka yi makarantar allo, waɗanda ajami ne karatunsu, kuma nunin da ke magana a kan waɗanda ba a jin muryarsu bai kamata ya rufe musu ƙofa ba. Wani malami ya rubuta mana da alƙalami da tawada, irin rubutun allo da aka saba da shi, na ɗauki hotonsa na daidaita tsayinsa da na bokon, na sa shi a ginshiƙin Hausa yana farawa daga dama. A ƙarƙashinsa akwai gajeren bayani cikin harsunan duka, cewa wannan Hausa ce aka rubuta da haruffan Larabci, kuma Yarabawa ma suna da irin nasu, musamman a Ilori. Na ga mutane da dama sun tsaya a kan wannan bayanin fiye da yadda suka tsaya a kan wasu zanen.

Kada a ɗauka cewa daidaita awo yana nufin a ce kowa yana da gaskiya, ko a shafe abin da ya faru. An yi rikicin Ketu a Nuwamban 1999, an yi na Idi-Araba a Fabrairun 2002, an yi na Mile 12 a Maris na 2016, an rasa rayuka, kuma akwai iyalai a Legas da har yau suke ɗauke da wannan. Ƙa'idar da muka bi a bayanan da ke gefen kowane zane ita ce a faɗi rana da wuri da abin da ya tabbata, inda kuma aka saɓa a faɗi wa ya ce me. A kan harbin da aka yi a mashigar Lekki ranar 20 ga Oktoba 2020, alal misali, mun rubuta cewa kwamitin bincike da gwamnatin jihar ta kafa ya miƙa rahoto a Nuwamban 2021 yana cewa an kashe masu zanga-zanga a wurin, gwamnatin kuma a takardar matsayarta ba ta amince da wannan ɓangaren ba. Mai zanen yana da 'yancin ya yi kuka ko ya yi fushi a cikin zanensa, bangon da ke riƙe da zanen kuwa bai kamata ya ɗaga murya ba. Na koyi wannan ne a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ramukan harsashin da ke jikin motar ba sa bukatar dogon sharhi.

Tsarin shiga daga gidan Bahaushe na aro shi. Zaure yana da ƙofa biyu da ba sa kallon juna, saboda wanda ya shigo daga titi ba ya hango cikin gida kai tsaye, sai ya tsaya, ya yi sallama, ya huce, a san da zuwansa. Muka gina ɗan ƙaramin ɗaki irin wannan a bakin ginin, babu zane ko ɗaya a cikinsa sai benci da randar ruwa da gaisuwa a bango. Wanda ya sauko daga danfo da hayaniyar Legas a kunnensa yana bukatar wannan ɗan jinkirin kafin a nuna masa abin da zai iya ɓata masa rai. Ƙofa ɗaya ce ga kowa, kuma mun hana a tsayar da mai kayan sarki a bakinta, sai matasa biyu da ke jin harsunan suna yi wa mutane maraba.

Daga nan babu hanya ɗaya tilo da dole a bi. An kafa allunan a karkace, ba sa fuskantar juna kamar sahun yaƙi, kuma a jikin wasu mun yanka taga daidai tsayin fuska. Ɗaya daga cikin tagogin tana tsakanin ayyuka biyu da na fi so. A wannan gefe hotunan 'yan acaba ne, yawancinsu 'yan Arewa, waɗanda aka ɗauka bayan hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida na Legas a Yunin 2022, wani yana riƙe da hular kwano babu babur. A wancan gefen kuma babban zane ne na matasan da suka yi zaman dirshan a Lekki. Mutanen nan biyu sun daɗe suna zargin juna. Da yawa daga cikin 'yan Arewa sun ɗauki waccan zanga-zangar a matsayin harkar 'yan Kudu da ba ta damu da kashe-kashen Zamfara da Katsina ba, da yawa daga cikin matasan Legas kuma ba sa ganin ɗan acaba sai a matsayin matsalar titi. Wanda ke kallon hoton ɗan acaba, idan ya ɗaga kai, fuskar wanda ke kallon zanen Lekki zai gani ta tagar. Ban rubuta komai a kan tagar ba, kuma ban yi wa kowa alkawarin za ta sasanta su ba.

Sauran awon na kowa da kowa ne a wannan sana'a, amma mun tsananta wajen bin su. Tsakiyar kowane zane tana kan santimita 150 daga ƙasa, na shahararre da na wanda bai taɓa nuna aikinsa ba. Babu hanyar da ta gaza santimita 120 a faɗi, kuma an bar fili mai faɗin 150 a kowace kwana domin keken guragu ya iya juyawa. Ayyukan takarda ba a haska su fiye da luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) saboda kada su koɗe, sai muka rage hasken sauran ya matso kusa da nasu, domin zanen da ya fi haske shi ido ke ɗauka a matsayin mai muhimmanci. Ayyuka masu sauti duka da abin sawa a kunne ake jin su, in ba haka ba mai lasifika mafi ƙarfi shi zai mallake zauren, abin da muke gani a kowane gangamin siyasa. Janareta kuma can bayan gini muka kai shi.

Wurin da aka kafa nunin shi ma tsari ne, wataƙila ma shi ne mafi nauyi. Yawancin ɗakunan nuni suna tsibirin Legas da Lekki, kuma mutumin Agege sai ya ƙetare gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya kashe kuɗin mota da rabin yini, kafin ya isa. An taɓa nuna cewa ana iya yin dabam. Marigayiya Bisi Silva a Yaba ta kafa cibiyarta ta zanen zamani a 2007, bikin zane na Lagos Biennial na farko a 2017 kuma a tsohuwar rumfar jiragen ƙasa ta Ebute Metta aka yi shi, a kan layin dogon da ya isa Kano, wanda ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu nan. Mu ma a wannan yankin muka samu wani tsohon sito, kusa da jirgin ƙasa na cikin gari da ke tasowa daga Agbado ya bi ta Agege da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo. Takardar gayyatar na yi ta ne da siffar fastar kamfe, irin wadda nake bugawa 'yan siyasa, sai dai gurbin fuskar ɗan takara fanko ne. An liƙa ta a Mile 12 da Alaba Rago da Obalende, an kuma tura saƙon murya da Hausa ta WhatsApp saboda waɗanda fasta ba ta isa gare su. Mun ware wurin alwala da salla, mun kauce wa lokacin Juma'a da na cocin Lahadi da safe, mun kuma sa bencina a wurare dabam dabam domin matan da ba sa son cakuɗa da maza su samu inda za su zauna su kalli aikin a natse.

Ɗaki na ƙarshe na maganar masu kallo ne, kuma shi na fi jin tsoro, domin bangon da aka ce kowa ya rubuta ra'ayinsa yana iya komawa dandalin zage-zage irin na Facebook cikin yini ɗaya. Ba mu tambayi wa ke da gaskiya ba. Tambayar da ke kan katin da masu kallo ke rubutu a kai ita ce ko akwai wanda mutum ya daina magana da shi saboda siyasa, kuma me yake kewa game da shi, ba tare da ya ambaci suna ba. Katin ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, da fensir ake rubutawa, wanda ba ya rubutu kuma akwai mai ɗaukar muryarsa ya rubuta masa. Akwai mutum biyu masu harshe dabam da ke karanta kowane kati kafin a liƙa, kuma mun rubuta wannan ƙa'idar ɓaro-ɓaro a bango, tare da abin da zai sa a ƙi liƙa kati, wato zagin ƙabila ko addini ko ambaton sunan wani, domin kada a ce ana tace maganar mutane a ɓoye. Ana liƙa katunan bisa lokacin da aka rubuta su, ba a ware su bisa harshe.

Dukan allunan da katako mai faɗin santimita 122 da tsayin 244 aka yi su, awon da ake sayarwa a kasuwa, kuma da ƙusa mai zare aka ɗaure su, saboda a iya kwance su a loda a mota ɗaya. Burin masu zanen shi ne a kai nunin Kano da Inugu. Idan hakan ta yiwu, za a sake buga allon bakin ƙofa Hausa ta zo farko a Kano, Ibo a Inugu, a kuma nemi sito a Kano da mutumin Sabon Gari da na cikin birni za su iya zuwa da kuɗin adaidaita sahu ɗaya. Taswirar dangwalen ba za ta kwantu ba tun da a jikin siminti take, saboda haka sai an nemi mutanen can su sake dangwala ta da hannunsu.